Hirar Abokai a Lokacin Salla

Ya kai mai karatu, ran Salla, bayan an sauko daga Idi, an ci tuwo, an gai da iyaye da surukai, ina ka kan nufa? Galibin mutanen karkara gindin itace su kan nufa, ko ƙofar gidan wani aboki, inda tsararraki ke shimfiɗa tabarma. Wannan wuri shi a ke kira majalisa. Can a ke fasa goro, a ba da labari, a nuna abin da aka tsinta, a yaba sabuwar hula, ana jiyo kiɗa daga dandali.

Waɗansu suna ɗaukar wannan zama kamar ɓata lokaci ne kurum. Ba haka ba ne. Abin da aka faɗa a majalisa ran Salla shi ne gari zai riƙe har wata Salla. In gaskiya aka faɗa, ta amfani mutane. In ƙarya ce, ta cuce su. Wannan ɗan littafi zai bayyana abubuwa huɗu da a kan kawo majalisa, watau labari, da tsintuwa, da kiɗa, da ado. Sa'an nan ya nuna abin da ya wajaba a kan mutumin da ya koyi karatu in ya zauna cikin 'yan'uwansa.

1. ƘASAR DA MU KE MAGANA A KANTA

Wanda ya fita birnin Kano ya bi hanyar Daura zai isa Ɗambatta. In ya bi hanyar Katsina zai wuce Dawanau, ya isa Bichi, sa'an nan Tsanyawa. Minjibir da Makoɗa da Kunci duk suna wannan sashi na arewa. Matafiyi a nan ba ya ganin daji. Gona ce ta haɗu da gona, gida yana hangen gida, ga gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaitsaye cikin gonaki. Ba safai a ke barin gona ta zama saura ba, gama mutane sun yi yawa. Taki ne ke riƙe da ƙasa. A da jakuna su kan kai itace birni, su komo da taki cikin mangala.

Tun da ya ke gonaki ƙanana ne, amfaninsu ba ya isar kowane gida shekara. Saboda haka in an gama kaka samari da magidanta da yawa su kan tafi ci-rani, waɗansu birnin Kano, waɗansu Abuja, ko Legas, ko Fatakwal. Abokai da suka tashi tare su kan yi wata da watanni ba su ga juna ba. Abin da ke tara su wuri guda shi ne Salla.

2. YADDA SALLA KE ZAGAYA SHEKARA

Salla biyu ce. Ƙaramar Salla tana zuwa ran 1 ga watan Shawwal, bayan azumi. Babbar Salla, watau Sallar Layya, tana zuwa ran 10 ga watan Zulhajji. Tsakaninsu wata biyu ne da kwana tara.

Shekarar Musulunci da wata a ke lissafinta, kwana 354 ne ko 355. Shekarar da a ke lissafi da rana kuwa kwana 365 ne. Bambancinsu wajen kwana 11 ke nan, don haka kowace shekara Salla tana matsowa da kwana 11. Ga misali. A 2014 Ƙaramar Salla ta faɗo ƙarshen watan Yuli, tsakiyar damina. A 2025 ta faɗo ƙarshen watan Maris, cikin zafin bazara. Ka lissafa da kanka: shekara 11 sau kwana 11 ya ba da kwana 121, watau wata huɗu. Cikin shekara 33 Salla ta kan zagaya damina da kaka da ɗari da bazara, ta komo inda ta faro.

Wannan yana sāke kamannin hira. In Salla ta zo da damina, kowa yana gida, amma rumbu ya yi ƙasa, kuɗi kuma sun tafi ga taki da 'yan ƙwadago. Hirar ba ta wuce ruwa da shuka. In ta zo da rani, sai ka ga 'yan ci-rani sun sauka daga mota da ƙunshin tsaraba, bakinsu cike da labarin garuruwa.

3. LABARI

A zamanin kakanninmu labari da ƙafa ya ke tafiya. Fatake su kawo shi, a ji a kasuwa, ko mai shela ya zagaya gari da saƙon dagaci. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta. Mutum guda mai karatu ya kan karanta ta da ƙarfi, jama'a na saurare. A 1957 gidan rediyon BBC na Ingila ya fara magana da Hausa, a 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna. Wayar hannu kuma ta shigo Nijeriya a 2001. Yau abin da ya auku a Legas da safe, kafin azahar ya iso gindin tsamiya a ƙasar Bichi.

Yawancin labarin majalisa na yau da kullum ne, kuma mai amfani ne: nawa a ke sayar da buhun gero a kasuwar Dawanau, ina a ke samun taki da sauƙi, wace hanya ce ta lalace, wa aka yi wa haihuwa, wa ya riga mu gidan gaskiya a baƙon gari. Da irin wannan magana mutum ke sanin ko ya sayar da wakensa yanzu ko ya jinkirta.

Amma saurin labari bai ƙara masa gaskiya ba. Ƙarya ma ta sami abin hawa. To, yaya za a rarrabe?

Dubi yadda a ke yi da labarin ganin wata. Wanda ya ga jinjirin wata ba ya hawa katanga ya ce gobe Salla. Ya kan je ya shaida wa mai unguwa ko dagaci, a kai magana ga hakimi, a kai ga Sarki. A bincika ko wane ne ya gani, da inda ya tsaya, da lokacin da ya gani. Sa'an nan a isar wa Sarkin Musulmi a Sakkwato, shi kuwa ya sanar da jama'a. Wannan hanya ta nuna mana tambayoyi uku da ya kamata a yi wa kowane babban labari.

Ta fari: wa ya gani da idonsa? "An ce" ba sunan mutum ba ne.

Ta biyu: yaushe, kuma a ina? Sau da yawa hoton da ke yawo cikin waya tsoho ne, ko na wata ƙasa ne dabam, aka maƙala masa sunan garin da ke kusa da mu.

Ta uku: wa zai ci riba in mun yarda, wa kuma zai cutu?

Kada a ga kamar wannan ƙaramin abu ne. A 2003 magana ta bazu cewa an sa abin hana haihuwa cikin maganin rigakafin shan inna. Tsoron mutane yana da tushe, gama a 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin magani na Amurka ya gwada sabon magani a kan yara a Kano, abin ya bar baƙin ciki da shari'a. Gwamnatin Jihar Kano ta dakatar da rigakafin, ba a koma yi ba sai watan Yuli na 2004, bayan an yi bincike. Cikin wannan tsakani cutar ta ƙaru, ta shanye ƙafafun yara da yawa, ta ƙetare zuwa waɗansu ƙasashe, har ta kai Yaman da Indunusiya a 2005. Sai da sarakuna da malamai suka tashi tsaye, suka bi gari gari suna bayani, sa'an nan aka ci ƙarfinta. Ran 25 ga Agusta 2020 aka sanar cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Afirka, ko da ya ke ba a bar rigakafi ba. Wannan magana a majalisu ta yaɗu, a majalisu kuma aka gyara ta. Magana zarar bunu ce.

4. TSINTUWA

Ba a rasa wanda zai sa hannu aljihu ya ce, "Jama'a, ku ga abin da na tsinta." Abin tsintuwa iri uku ne, kowane da hukuncinsa.

Na fari shi ne abin da ke da mai shi, kamar kuɗi, ko waya, ko tunkiya da ta ɓace. Lokacin Salla irin wannan ya kan yi yawa saboda cunkoson kasuwa da masallacin Idi. Mutane su kan ce tsintuwa ba sata ba ce. Gaskiya ne, amma ɓoye ta ba halin kirki ba ne. Littafin Risala, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, ya nuna cewa mai tsintuwa zai yi cigiya har shekara guda a inda a ke zaton samun mai abin. In mutum ya zo ya ce nasa ne, sai ya faɗi kamanninsa da abin da aka ƙunshe shi ciki. Saboda haka mai cigiya ba ya faɗin kome da kome. Ya ce an tsinci kuɗi ran kaza a wuri kaza, ya bar adadin a cikinsa. Abin da ya shige maka duhu, ka tambayi limami.

Na biyu shi ne kayan mutanen da, waɗanda garma ko fartanya ke tonowa. Wani ya kan sami wuri, watau kuɗin da. Wuri ba a ƙasarmu ya ke fita ba. Ƙwanson wata 'yar halitta ce ta teku, galibinsa daga tsibiran Maldibis na Tekun Indiya a ke kawo shi. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Wani kuwa ya kan sami anini ko kwabo mai huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida. Waɗannan kuɗin zamanin Turawa ne. Akwai rubutun boko a jiki, da sunan Sarkin Ingila, da shekarar da aka buga. Mai karatu ya goge ƙasa ya karanta wa jama'a, nan take a san shekarunsa. Naira da kwabo na yanzu sun maye gurbin fam da sule ran 1 ga Janairu 1973.

Akwai kuma wani sumulmulen dutse mai baki kamar na gatari, wanda a ke kira gatarin aradu, ana cewa tsawa ce ke jefo shi. Masu binciken kayan tarihi sun nuna cewa hannun mutum ne ya wasa shi. Da shi mutanen farko ke sare itace tun ba a san ƙarfe ba. Ƙarfen ma ya daɗe a nan, gama an sami alamun narka tama a Dutsen Dala na fiye da shekara 1,300.

Irin waɗannan abubuwa a ido ba su da daraja, amma wani lokaci su kan buɗe babban ilmi. Ga labari biyu daga waɗansu sassa na Arewa. Wajen 1943, kusa da Jama'a, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, wani ma'aikacin haƙar kuza ya tsinci kan mutum na gasasshen yumɓu. Ya kai gonarsa ta doya, ya kafa shi mutum-mutumi. Daga baya aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg, ya lura ya yi kama da wani da aka tono a ƙauyen Nok a 1928. Da haka aka gane cewa waɗansu gwanayen masu ginin yumɓu sun zauna wannan ƙasa fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A 1987 kuma wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da wani katako mai tauri. Bai faskara shi ya hura wuta ba, sai ya kai magana ga hukuma. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot ta Jamus suka fito da shi. Ashe kwalekwale ne mai tsawon mita 8 da ɗoriya, shekarunsa wajen 8,000. Ba a taɓa samun jirgin ruwa da ya girme shi a Afirka ba.

To, in ka tono abu irin wannan, kada ka fasa shi don neman zinariya a ciki, kada kuma ka sayar wa baƙon da ya zo da kuɗi a hannu. Dokar ƙasa ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da kayan tarihi, ta hana cinikinsu barkatai, ta hana fitar da su waje ba da izini ba. Ka rubuta ranar da ka same shi, da gonar, da zurfin ramin, ka shaida wa dagaci. A birnin Kano akwai Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, inda a ke ajiye kayan tarihi don kowa ya gani.

Na uku shi ne abin da ba ka san ko mene ne ba: kwalba mai ruwa ko gari, ko wani ƙarfe a rufe, ko dutse mai ƙyalli. Wannan ba abin kai wa yara ba ne. A 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum cikin Jihar Zamfara, mutane sun riƙa kai duwatsun zinariya gida suna niƙawa. Ashe akwai dalma a ciki. Ƙurar ta shiga abinci da ƙasar da yara ke wasa, yara fiye da 400 suka mutu. Abin da ba ka sani ba, ka bar shi inda ya ke, ka kira wanda ya sani.

5. KIƊA

Tun kafin Salla a ke fara jin motsi. In azumi ya kwana goma yara su kan fita tashe da dare, suna bin gidaje da wasanni irin su Macukule, da Jatau Mai Magani, da Mairama da Daudu, ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Cikin raha su ke kwaikwayon halayen manya, mai hankali kuwa ya ɗauki darasi.

Ran Salla kuma kowane kiɗa da masu shi. Kalangu na mahauta ne, da 'yan dambe, da 'yan mata a dandali. Gangar noma ta manoma ce. Dundufa ta maƙera ce. Mata a cikin gida suna da shantu da kiɗan ƙwarya. Tambari da kakaki da algaita kuwa na sarakuna ne. Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki. Wanda ya ke so ya ji waɗannan ya kan bi hakiminsa zuwa birni kallon Hawan Salla da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa. Da Babbar Salla bisa al'ada a kan yi Hawan Fanisau, garin da ke arewa da birni cikin ƙasar Ungogo. A waɗansu shekaru an dakatar da hawan, kamar a 2020 saboda annobar korona. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su.

Ka taɓa tambaya yadda kalangu ke magana? Ga asirin. Kowace gaɓa ta Hausa tana da murya, ko ta hau ko ta sauka. Dubi kalmar nan "kuka". In ka faɗe ta murya a sama duka, kukan yaro ke nan. In ka sauke murya a ƙarshe, itacen kuka ke nan. Baƙaƙen rubutu ɗaya ne, murya ce ta raba su. Shi kalangu icce ne mai siririn ƙugu, an rufe bakinsa biyu da fata, tsarkiyoyi sun haɗa su. In makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗame, murya ta hau. In ya saki, ta sauka. Da haka ya ke bin hawa da saukar magana. Shi ya sa mutum ya kan ji takensa daga nesa ya tashi tsaye, ba wanda ya kira sunansa da baki.

Malamai sun yi maganganu a kan kiɗa, abin da ya halatta da abin da bai halatta ba, kowa kuwa ya san abin da malaminsa ya koya masa. Abin da mu ke nunawa a nan shi ne, cikin take da kirari akwai tarihi: sunayen kakanni, da sana'arsu, da garin da suka fito.

Manyan mawaƙa an riga an ɗauki muryarsu. Musa Ɗanƙwairo mai kotso ya rasu a 1991, Mamman Shata mai kalangu a 1999, Barmani Coge mai kiɗan ƙwarya a 2013, Ɗanmaraya Jos mai kuntigi a 2015, amma har yau ana jinsu a rediyo da waya. Tsohon makaɗin ƙauyenku fa? Shi ya san taken kakanka, da na gidan sarkin noma, da na 'yan damben da suka yi suna kafin a haife ka. Yanzu samari sun fi kunna waƙa daga na'ura, 'ya'yan makaɗa da yawa kuma sun kama wata sana'a. Ran da tsohon nan ya kwanta dama, abin da ke kansa ya tafi ke nan.

6. ADO DA ZANE

Salla ita ce ranar da aikin hannu ke fitowa fili. Kafin ta zo, maɗinka ba su barci. Mai ɗinkin hula ya kan yi makonni a kan hula guda da allura da zare, yana bin zanen da aka zana masa. Babbar riga tana da nata aiki, kamar aska biyu da aska takwas, ana kiransu haka saboda tsinin da ke gaban rigar mai kama da aska. Ƙasar Minjibir ta yi suna wajen saƙa tun da daɗewa.

Mata kuma su kan busar da ganyen lalle, su daka, su kwaɓa, su ƙunsa a hannu da ƙafa. Su shafe ɗaki da farar ƙasa ko jar ƙasa, su wanke kwanonin jere, su fito da faifai masu launi da ƙwarya mai zane. A gidajen ƙasa magina su kan yi zane a fuskar zaure tun yaɓe yana ɗanye, su shafa makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa kada ya ci bango. Cikin zanen da aka fi sani akwai dagi, wanda za ka gani a bango, da riga, da sirdin doki.

Kowane zane yana da suna, kowane gwani kuma yana da wanda ya koya masa. Amma bulo da siminti suna maye gurbin ginin ƙasa, ɗinkin keke da na inji sun fi na hannu araha. In aboki ya zo majalisa da hular hannu, kada a tsaya ga tambayar kuɗinta. A tambayi sunan zanen, da wanda ya ɗinka, da kwana nawa ya yi. Yabon gwani a gaban jama'a ya kan jawo masa ciniki, ciniki kuwa shi ke sa yaro ya yarda ya gaji ubansa.

7. AIKIN MAI KARATU

To, kai da Allah ya ba ka karatu da girmanka, ga aikinka.

Na ɗaya, ka zama mai auna labari. In an miƙo maka takarda ko waya an ce, "Malam, karanta mana," ka karanta abin da ke rubuce daidai, ba ƙari ba ragi. Ka duba kwanan wata, da sunan wanda ya rubuta. In babu, ka faɗa wa jama'a babu. In dattijo ne ya kawo maganar da ka ga ba ta inganta ba, kada ka kunyata shi. Ka ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, bari mu ji ko rediyo zai faɗa da yamma." Karatu ba ya ba yaro izinin raina babba.

Na biyu, ka sayi ɗan littafin rubutu, ka sa masa suna Littafin Majalisa. Kowace Salla ka cika shafi guda: shekara, da ranar da aka yi Idi, da wanda ya ja salla, da kuɗin kwanon gero da na rago, da waɗanda aka haifa, da waɗanda suka rasu, da abin mamaki da aka gani ko aka tsinta. Ka je gun tsohon makaɗi da goronka, ka ce, "Baba, ina so ka faɗa mini taken gidanmu da ma'anarsa." Ka rubuta, in kuwa kana da waya ka ɗauki muryarsa da izininsa. Bayan shekara 20, in gardama ta tashi a kan shekarar da aka yi fari ko shekarar da aka haifi wane, littafinka ne zai raba ta.

Na uku, ka tuna da wanda bai sami zuwa ba. Akwai abokin da kuɗin mota ya gagare shi, yana can baƙon gari ya yi Salla shi kaɗai. Ka rubuta masa, ko a takarda ko a waya. Ga yadda a kan tsara:

"Takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga amininsa wane. Gaisuwa mai yawa, da so, da yarda, da aminci. Bayan haka, barka da Salla. Ina sanar da kai mutanen gidanku duk lafiya, na je na gai da Inna da kaina. An yi ruwa ran Talata, mun yi shuka. Jama'ar majalisa duk sun tambaye ka. Ka aiko mana da labarinka. Haza wasalam."

Ka lura, cikin wannan takarda babu abin da mai rubutu bai gani da idonsa ba. Haka ya kamata labarin aboki ga aboki ya zama. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa ya ke. Inda ƙafa ba ta kai ba, alƙalami ya kai.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya da riƙon amana. Allah ya maimaita mana, amin.